Faɗan da Ba Ruwanka

Hausawa na cewa faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi, kuma a kan wannan magana kasuwar fim ɗin yaƙi ta kafu. Mutum zai biya kuɗinsa ya zauna, a yi ta luguden wuta a gabansa, gada ta karye, jirgi ya rikito, gari ya kama da wuta, shi kuwa ko ƙura ba ta taɓa rigarsa ba. Da an gama ya miƙe ya nufi gida. Ban ga laifin wannan jin daɗi ba. Ɗan Adam tun fil'azal yana son labarin maza, yana son ya ga yadda zuciya ke tsayawa a ranar da ƙafa ke neman gudu. Sai dai fina-finan nan ba ɗaya suke ba, kuma akwai wuri guda da ya kamata mai kallo ya riƙa sa wa ido in yana son ya tantance na ƙwarai da na cika kasuwa. Wurin ɗan kaɗan ne, 'yan sakannin da ke biyo bayan faɗuwar mutum. Kyamara ta tsaya a kansa, ko ta wuce ta bi mai bindiga?

Duk wanda ya yi zamanin kaset, lokacin da ake ba da 'yan canji a ƙofa a shiga gidan kallo a zauna a benci, ya san tambayoyi biyu da wanda ya makara ke yi tun kafin ya gama zama: wane ne akta, wane ne bos? Da an nuna masa su, ya gama fahimtar fim. Sauran mutanen da ke allon, in ba sa bayan akta, to yaran bos ne, aikinsu su fito daga bayan buhunan yashi su sha harsashi su wuntsila. A Commando na 1985, Arnold Schwarzenegger ya dira wani tsibiri shi kaɗai ya karkashe runduna guda, ana tafi ana fito. Ba a taɓa jin wani a ɗakin ya tambayi sunan ko ɗaya daga cikin mamatan ba, don fim ɗin ma bai raɗa musu ba. Da gangan aka shirya su yadda faɗuwarsu ba za ta dami kowa ba: daga nesa ake hango su, kaki iri ɗaya, ba uwa, ba mata, ba garin da suka baro.

Rambo da ya zama tambarin irin wannan fim kuwa ba haka ya faro ba. A First Blood na 1982, abin da aka fara nunawa wani tsohon sojan Biyetnam ne tafe a ƙasa da jaka a kafaɗa, yana neman gidan abokinsa, na ƙarshe da ya rage a rundunarsu. Ya tarar da wata mata tana shanya, ta shaida masa abokin ya rasu, ciwon daji ya cinye shi sanadin gubar da aka riƙa fesa wa dazuzzukan Biyetnam. Ya shiga wani ƙaramin gari neman abin da zai sa a bakinsa, shugaban 'yan sandan garin ya ɗauke shi a mota ya ajiye shi bayan gari, ya ce kada ya dawo. Daga nan rigima ta tashi. A duk tsawon fim ɗin mutum ɗaya aka ga mutuwarsa ƙuru-ƙuru, ɗan sandan da ya faɗo daga jirgi mai saukar ungulu. A ƙarshe kuma ƙaton nan zubewa ya yi a ƙasa yana kuka a gaban tsohon kanar ɗinsa, yana ba da labarin abokinsa da bam ya tarwatsa a Saigon, da yadda ya yi ta laluben ƙafafunsa bai samu ba.

Na biyu ya fito a 1985. An mayar da shi Biyetnam da baka da kibau masu fashewa, gawa kuwa sai wadda ido ya gani. Na farkon ya tara kimanin dala miliyan 125 a duniya, na biyun ya kai wajen miliyan 300. Masu zuba kuɗi suka ji abin da kasuwa ta faɗa, suka bi. Amma ba na son a yi saurin zagin 'yan kallo. Amurka ta baro Biyetnam da kunya shekara 10 kafin nan, mutanenta na marmarin a koma a rama. Mu kuma da ba mu da hannu a Biyetnam, me muka gani a jikin Rambo? Mun ga mutumin da ba shi da uwa a gindin murhu, manya sun mora shi sun yar, ya tashi ya ƙwaci kansa. Saurayin da ya wuni ana taka shi, a tasha ko a kasuwa ko a gaban teburin wani ma'aikaci, in dare ya yi yana da haƙƙin ya ga an kayar da azzalumi ko da a allo ne. Wannan ƙishirwa ta gaskiya ce. Abin da nake ƙi shi ne fim ya biya ta ta hanyar ɓoye wa mai kallo cewa kowane harsashi a jikin ɗan wani yake sauka.

Steven Spielberg bai ɓoye ba a Saving Private Ryan na 1998. Kowa na maganar mintuna 20 da 'yan kai na farkonsa, saukar sojojin Amurka a gaɓar Omaha ta Nomandi ranar 6 ga Yuni 1944. Ƙofar kwale-kwale na buɗewa na gaba suka zube tun ba su taka ƙasa ba. Wani na yawo yana neman hannunsa da ya guntule, ya samu, ya ɗauka ya ci gaba da tafiya. Sai da hukumar kula da mazan jiya ta Amurka ta buɗe layin waya saboda tsofaffin da fim ɗin ya fama wa miki. Ni kam wurare biyu marasa hayaniya ne suka fi tsaya mini. Bayan an ci gaɓar, wasu mutum biyu cikin kakin Jamus suka fito hannu sama suna magana da sauri, sojojin Amurka suka bindige su suka yi dariya. Ba a rubuta fassarar maganarsu a allo ba. Da harshen Cek suke roƙo, suna cewa su ba Jamusawa ba ne, ba su kashe kowa ba. Mutane ne da aka tilasta wa kaki. Darakta ya bar wannan a cikin fim ɗin da ya yi don girmama sojojin ƙasarsa, kuma ya bar laifin a hannunsu. Sai kuma uwar su Ryan, tana wanke-wanke a bakin taga, ta hango motar soja tafe ta cikin gona. Ta fito baranda. Da ta ga limamin coci ya sauko daga motar tare da hafsa, ƙafafunta suka gaza, ta zauna daɓas a ƙasa. Daga bayanta aka ɗauko hoton, kuma ba a ji ko kalma ɗaya ba. 'Ya'yanta uku sun tafi. Duk wanda ya taɓa ganin an shigo gida da labarin mutuwa ya san wannan zama.

Tun 1930 Lewis Milestone ya riga Spielberg, a All Quiet on the Western Front, wanda aka ɗauko daga littafin Erich Maria Remarque, Bajamushen da ya yi yaƙin duniya na farko yana saurayi. Ɗalibai ne malaminsu ya zuga su a aji da maganar kishin ƙasa har suka tashi gaba ɗaya suka je suka sa hannu. Ɗaya daga cikinsu, Paul, ya faɗa wani rami da bam ya haƙa, sojan Faransa ya diro a kansa, ya soke shi da wuƙa. Ruwan wuta ya hana shi fita, dole ya kwana da mutumin yana kakarin mutuwa. Ya ba shi ruwa. Ya roƙe shi gafara. Da ya cika, ya laluba aljihunsa ya samu takardunsa da hoton matarsa da 'yarsa. Da a Commando ne, wannan mutum ɗaya ne daga yaran bos, sakan guda za a ba shi. Nan dare guda aka ba shi. 'Yan Nazi sun fi kowa gane haɗarin wannan. Da aka fara nuna fim ɗin a Berlin a Disamban 1930, Joseph Goebbels ya kwashi magoya bayansa suka cika silima, suka saki ɓeraye da abubuwa masu wari, suka yi ta tarzoma har hukuma ta haramta shi. Saura shekara 2 da ɗoriya Hitila ya hau mulki, kuma mai shirin tara samari ba zai so su ga hoton da ke aljihun abokin gaba ba.

Kada a ɗauka ina cewa fim ɗin ƙwarai sai wanda ya nuna duk yaƙi aikin banza ne. Akwai yaƙin da ake kawo wa mutane har ƙofar gida, tsayawa a gabansa kuwa mutunci ne. Shi ya sa nake son in daɗe a kan fim ɗin da a wajenmu ba a cika kiransa da sunansa na Turanci, Lion of the Desert, ba, sai dai a ce fim ɗin Umar Mukhtar. Moustapha Akkad ne ya shirya shi, mutumin Halab ta Siriya, wanda ya riga ya yi The Message a 1976 kan farkon Musulunci. Anthony Quinn da ya fito a Sayyidina Hamza a can, shi ne Umar Mukhtar a nan. Gwamnatin Gaddafi ta zuba kimanin dala miliyan 35, amma da ya fito a 1981 bai mayar da ko kusa da kuɗinsa ba a silimun Turai da Amurka. Italiya ta hana nuna shi, wai ya ci mutuncin sojojinta, sai a 2009 wata tashar talabijin ta ƙasar ta sa shi. Kaset ne ya ɗauke shi ya shiga da shi lungu-lungu har zuwa zaurukanmu.

Labarin ya faru da gaske. Italiya ta afka wa Libiya a 1911. Umar Mukhtar malamin Alƙur'ani ne, ɗan ɗariƙar Sanusiyya, wanda ya taɓa zama a arewacin Chadi, kuma ya shafe wajen shekara 20 yana turjiya, mafi yawa a duwatsun Jabal Akhdar. Da Musolini ya ƙosa, ya tura Janar Rodolfo Graziani. Shi kuwa ya gane ba zai kama mayaƙan ba matuƙar jama'a na ba su abinci, sai ya kwashe jama'ar. Kimanin mutum 100,000 aka kora da raƙumansu da tumakinsu zuwa sansanoni a cikin hamada, dubun-dubata suka mutu da yunwa da cuta. Ya kuma ja waya mai ƙaya ta kusan kilomita 270 a iyakar Masar don toshe hanyar makamai da guzuri. An kama tsohon a Satumban 1931, aka rataye shi ran 16 ga watan a sansanin Suluq a gaban dubban tsararru, ya haura shekara 70.

Mai son gumurzu bai yi asarar kuɗinsa ba a wannan fim. Akwai dawakai na tunkarar motocin sulke, akwai kwanton ɓauna, akwai mayaƙan da ke ɗaure gwiwoyinsu da igiya don kada ƙafa ta ci amanarsu. Amma dubi inda aka fara nuna jarumin: zaune cikin yara, da tabarau a hanci, yana karantar da su. Dubi abin da ya biyo bayan wani kwanton ɓauna, da wani matashin laftanar na Italiya ya tsira da ransa. Samari suka yunƙura za su gama da shi, tsohon ya hana. Ɗaya ya ce ai su kashe namu suke yi in sun kama. Ya nuna masa cewa ba a wurin Italiyawa za su koyi hali ba. Su kansu Italiyawan ba fuska ɗaya aka ba su ba. Akwai kanar ɗin da kunyar abin da ƙasarsa ke yi take cinsa, akwai kyaftin ɗin da aka naɗa ya kare tsohon a kotu, ya kuwa kare shi da gaske har ya ɓata wa manyansa rai. Akkad ya kuma cusa ainihin tsofaffin hotunan sansanonin, na mutanen gaske a bayan waya, yadda mai kallo ba zai iya ce wa kansa wasa ne ba. Daga ƙarshe akta ya mutu. Ba wanda ya sukwano da doki ya tsinke igiyar. Tabaransa ya suɓuce daga hannunsa, wani yaro maraya ya tsuguna ya ɗauka, mata na rangaɗa guɗa cikin hawaye.

Abin lura a nan 'yan kallon ne. Su ne dai waɗanda suka tashi da imanin akta ba ya mutuwa, su ne masu tafi in Rambo ya saki kibiya. Sai ga shi sun zauna kusan awa 3 suna kallon tsoho mai farin gemu ana cin ƙarfinsa a hankali, aka kama shi, aka rataye shi, suka kuma fita suna ƙaunarsa fiye da duk jaruman da suka yi nasara. Commando ya koma abin tuna ƙuruciya. Umar Mukhtar kuwa har yau in aka ambace shi sai ka ga fuskar mutum ta canja. Masu cewa jama'a harbi kawai suke so sun raina jama'a. Abin da aka fi kawo musu ke nan, shi suka saba saye.

Sai dai akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. Daraktan nan na Faransa, François Truffaut, ya taɓa nuna shakkarsa ko akwai fim ɗin da ke ƙin yaƙi da gaske, don da zarar an ɗora faɗa a allo, da kiɗa da ƙara da sauri, sai ya yi armashi ko mai shi bai so ba. Yana da hujja. Francis Ford Coppola ya yi Apocalypse Now a 1979 don nuna haukar Biyetnam. A ciki jirage masu saukar ungulu suka far wa wani ƙauye da sassafe suna sakin kiɗa ta lasifika, 'yan makaranta na gudun neman mafaka. Anthony Swofford, sojan kundumbalar Amurka da ya je yaƙin Iraƙi na 1991, ya ba da labari a littafinsa Jarhead cewa irin waɗannan fina-finai suka riƙa kallo a bariki don su tsuma kafin a tafi. Hukumomin soja ma sun san darajar allo. Ma'aikatar tsaron Amurka na ba masu fim aron jirage da tankoki da sojoji, da sharaɗin ta fara ganin rubutun labarin, ta nemi a gyara abin da bai yi mata ba. In mutum ya ga fim cike da kayan yaƙi na gaske masu sheƙi, ya tambayi kansa wa ya ba da aro, me kuma aka cire kafin a bayar.

Da irin wannan aro Ridley Scott ya yi Black Hawk Down a 2001, labarin artabun Mogadishu na ranakun 3 da 4 ga Oktoba 1993, inda aka kakkaɓo jiragen Amurka biyu. Wajen gwaninta ba a magana, mutum zai ji kamar ƙurar na shiga hancinsa. Amma a lura da inda kyamara ke tsayawa. Duk Ba'amurken da ya faɗi an san sunansa, abokansa sun tallafe shi, an ji maganarsa ta ƙarshe. Somaliyawa kuwa taro ne kawai, suna kwararowa daga lunguna suna zubewa. Da aka gama aka rubuta a allo cewa Somaliyawa sama da 1,000 sun mutu tare da sojojin Amurka 19, aka jero sunayen 19 ɗin ɗaya bayan ɗaya. Sojojin Maleshiya da suka tuƙa motocin sulken ceto, har ɗayansu ya rasa ransa, kusan ba a gan su ba, sai da ƙasarsu ta yi nata fim ɗin a 2023. Da kwafin sata ya isa Mogadishu a farkon 2002, 'yan jarida sun ba da rahoton ɗakin kallo ya cika maƙil, kuma duk lokacin da jirgin Amurka ya rikito sai wuri ya kaure da sowa. Fim ɗin dai shi ne, amma mutanen garin sun zaɓi nasu aktan. Waɗanda ke zubewa a gefen allo maƙwabtansu ne.

Mai riƙe da kyamara shi ke zaɓen wanda za a yi wa kuka. Ousmane Sembène, wanda shi kansa ya sa kakin Faransa a yaƙin duniya na biyu, ya san haka lokacin da shi da Thierno Faty Sow suka yi Camp de Thiaroye a 1988. Sojojin Afirka ta Yamma ne da suka yi wa Faransa yaƙi, suka sha zaman fursuna a hannun Jamus, aka dawo da su wani sansani kusa da Dakar. Suka nemi a biya su bashin albashi da kuɗin sallama. Ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 ne, masana tarihi na cewa adadin na iya kai ɗaruruwa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amince a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Kusan babu fagen daga a fim ɗin. Gardama ce kan abincin da ko kare ba zai ci ba, da canjin kuɗin da aka so a yi musu a rabin daraja. Akwai wani soja da ake kira Pays, wanda zaman sansanin Jamus ya taɓa masa hankali ya ɗauke masa magana. Shi kaɗai ya gane wayar da ke kewaye da su irin waccan ce. Shi ya hango tankoki cikin dare daga kan hasumiya, ya sauko ya yi ta nuni, ba wanda ya yarda da shi. Fim ɗin ya ci kyauta a bikin Venice, ya kuma shafe wajen shekara 10 ba a nuna shi a Faransa ba.

Mu ma yanzu wutar ta iso gida. Daga Borno da Yobe da Diffa har Zamfara da Katsina, wanda ya taɓa kwana a daji da 'ya'yansa saboda ƙarar bindiga, wannan ƙara ba ta sake zame masa abin nishaɗi. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda ya fito a 2020, akasarinsa da Hausa, an ɗauke shi a Taraba, ya yi ƙoƙarin kallon tayar da ƙayar bayan ta idon masu tallan nono biyu 'yan gida ɗaya. Ɗaya ta kuɓuta ta koma neman 'yar'uwarta, ta tarar ta rungumi aƙidar waɗanda suka sace ta. Maryam Booth ce ta fito a matsayi mai wuya na wadda ta rungumi aƙidar. Nijeriya ta tura fim ɗin gasar Oscar, amma bai zagaya gidajen kallonmu yadda fassarar fina-finan Indiya ke zagayawa ba, kuma wannan asara ce, don mutanen da aka yi shi a kansu su ne suka fi cancantar su yanke masa hukunci.

Akwai kuma yaƙin da muke wucewa ta ƙofarsa kullum ba mu waiwaya ba. Barikin Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan a Legas, Burma Camp a Accra, duk sunaye ne da aka ɗauko daga ƙasar Burma. Barikin Chindit na Zariya kuwa sunan wata rundunar musamman ce da aka riƙa saukewa a bayan layin Japanawa, kuma bataliyoyin Nijeriya sun yi aiki a cikinta a 1944. A yaƙin duniya na biyu Ingila ta kwashi dubun-dubatar samarin Afirka ta Yamma zuwa Burma a runduna ta 81 da ta 82, da yawansu 'yan Arewa, Hausa ce ma harshen da ya haɗa sojojin Nijeriya a bariki. A kwarin Kaladan, inda mota ba ta shiga, a ka suka riƙa ɗaukar albarusai da sassan igwa suna hawa duwatsu cikin dajin da ba su taɓa ganin irinsa ba, abinci sai jirgi ya jefo daga sama. A Janairun 1945 suka ci garin Myohaung. A wannan shekarar Hollywood ta fitar da Objective, Burma! inda Errol Flynn da 'yan Amurka suka zama jaruman dajin. Ingila ta fusata cewa an share sojojinta daga yaƙin da su suka yi, har aka janye fim ɗin daga silimunta. Su suna da jaridun da za su yi musu kuka. Waɗanda suka dawo Kano da Katsina da Bauci da lambar girma a ƙirji da zazzaɓi a jiki, ba wanda ya tambaye su yadda suka ga fim ɗin.

Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ya yi wannan yaƙi, ya rubuta Burma Boy a 2007, labarin wani yaro Ali Banana da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja. Daga baya ya zama darakta, ya yi Half of a Yellow Sun a 2013 kan yaƙin basasa, ya rasu a 2022 bai mayar da wancan littafi fim ba. Labarin Burma ba ya neman tankoki ko aron jirage daga kowa. Dajin Gashaka da damina ya isa, da samari ashirin, da kaya a ka, da wanda ya iya rubuta wa 'yan'uwansa wasiƙa zuwa gida, da sojan Japan guda ɗaya da za a ba shi suna. Na tabbata jama'ar da suka zauna wa Umar Mukhtar za su zauna wa kakanninsu. Sai dai lokaci ya ƙure, don wanda ya tafi yana ɗan shekara 18 a 1943 haihuwar 1925 ne. Abin da ya rage yana bakin 'ya'ya da jikokin da suka ji labarin a tsakar gida, kuma marubucin Kannywood da ke son ya yi wannan aiki, gidajensu zai fara bi da na'urar naɗar murya.